Sannunku da Kwanan Zaune, Masu Kiwon Karnuka

Ku da ke barbarar Alsatian da Boerboel a bayan gida a Kaduna da Jos, da ku mafarauta da kuka riƙe irin karnukanku tun kaka da kakanni, da ku nake. Na san yadda ake taɓe baki a ce "ai mai kare ne". Ku bar su su faɗa. Alhajin da ke barci har da minshari saboda akwai mai haushi a ƙofarsa, a hannun wa ya samo shi? Kuma duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji labarin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Gwanintarku ba ta fitowa sai ranar da karya ta haihu kafin lokaci. Cikinta kwana 63 ne, da ɗan ragi ko ƙari, shi ya sa mai hankali ke rubuta ranar barbara ko a bangon ɗaki ne. Kwikwiyon da ya faɗo kafin kwana 58 bakwaini ne: gashi bai rufe jiki ba, tafin ƙafa ja-wur, baki ba ya iya kama nono. Uwar ma takan ture shi gefe da hanci. To ɗan'uwa, daga nan kai ne uwar.

Sanyi ne ke riga yunwa kashe shi. A kwanakin farko kwikwiyo ko karkarwa ba ya iya yi, balle ya riƙe ɗumin jikinsa, ga hunturu ba ya raga wa kowa. Makwancinsa na son zafin digiri 29 zuwa 32. An ɗauke wuta? Ba komai. Kwali, tsumma mai tsabta, gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin tawul don kada ta ƙone shi. In ka taɓa shi ka ji ya yi sanyi ƙalau, cusa shi cikin rigarka, ƙirji da ƙirji, ya ɗumama a hankali. Kada tausayi ya sa ka ɗura masa madara a wannan hali! Hanjin kwikwiyon da ya sandare ba ya aiki. Abin da ka ba shi zai tsaya a ciki, ko ya dawo ya sarƙe shi. Ɗumi tukuna, sannan abinci.

Dakashin uwa kuwa, a yinin farko yake da amfani, don a lokacin ne hanjin jaririn ke iya tsotse garkuwar da ke cikinsa. Tatso shi ka ba shi da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, yana kwance rub-da-ciki, ba rigingine ba. Bayan haka duk awa biyu, dare da rana. Madarar saniya zawo take sa 'yan kwikwiyo, nemi tasu a kantin maganin dabbobi. Ya gama sha, jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa masa ƙarƙashin wutsiya har ya yi fitsari da kashi, tunda ba ya iya yi da kansa. Kullum da safe ɗora shi a sikeli. Nauyi ya ƙaru, ka ci nasarar jiya.

Ba duka ke tashi ba. Wani huhunsa bai nuna ba, ko me ka yi zai tafi, kuma wannan ba sakacinka ba ne. Binne shi ka koma kan sauran, suna jiranka. Amma in karyarka ta saba ɓari ko haihuwar bakwaini, kada ka tsaya dabarar gida. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke aiki tun 1924. Je ka da ƙarfin gwiwarka a matsayin mai sana'a, a gwada jininta ko cutar burusela ce, wadda ke kama mutum ma. Kafin sakamako ya fito, sa safar hannu wajen kwashe mahaifa, kuma kada ka sake kai ta wurin namiji.