RANAR DA KIBIYATA TA SAMI TSAKIYA: DAƊIN NAN NA WANE NE?



Ranar Asabar ɗin nan bayan sallar Asuba, wani dattijo maƙwabcina a Gyadi-Gyadi, wanda mahaifinsa maharbi ne, ya ja ni zuwa wani kango mai katanga a Tarauni. A can suke haɗuwa su biyar suna harbin kwari da baka. Buhu ne suka cika da dusar katako, suka jingina shi da bango, suka zana da'ira da gawayi a jikin kwali. Nisan taku ashirin. Na tafi da wani ɗalibina ɗan shekara 12.

Kibau shida na farko duk sun watse, ɗaya ma bango ta sama. Dattijon ya ce, "Malam, kana riƙe numfashi kamar mai jiran hukunci. Saki kafaɗa, kada ka fizgi tsirkiya, bar ta ta zame daga yatsu." Na bi. Ta bakwai ta kama gefen kwali, aka yi dariya aka ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Can wajen hantsi sai ga uku a jere cikin da'ira. Wallahi daɗin da na ji ba zai faɗu ba. Kafaɗa na ciwo, yatsu sun yi ja, amma zuciya wasai, na manta da waya, na manta da bashin da nake ta lissafi tun farkon wata.

A cikin adaidaita sahu, kafin mu shigo Court Road, na ba da labarin kibau ukun nan har sau uku. A nan ne na tsaya na tambayi kaina: wai wannan daɗin na mene ne, kuma na wane ne?

Farko dai, harbi ba wasan banza ba ne a addini. Bukhari ya ruwaito daga Salamatu bin Akwa'u cewa Annabi (SAW) ya wuce wasu mutanen Banu Aslam suna gasar harbi, ya ƙarfafa musu gwiwa, ya tuna musu cewa kakansu Annabi Isma'ilu maharbi ne. Da ya ce yana tare da ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren ya janye hannu saboda kunya, sai ya ce su ci gaba yana tare da su duka. Muslim kuma ya ruwaito daga Uƙbatu bin Amir cewa ya fassara ƙarfin da aka umarci a tanada a Suratul Anfal da harbi. Ibnul Ƙayyim ya tattara hukunce-hukuncen wannan fanni a littafinsa Al-Furusiyya. Mu ma nan ƙasar Hausa, sarautar Sarkin Baka ba yau aka fara ta ba. To jin daɗin dacewa da saiti halal ne, ni'ima ce, kuma jiki da hankali suna da haƙƙi a kanmu.

Amma fa ga inda gizo yake saƙar. Da na sami ta uku, na juya ga wani abokinmu da tun safe bai taɓa kwalin ba, na ce, "Alhaji, ko a kawo maka buhun kusa ne?" Aka tuntsire da dariya. Shi ma ya yi murmushi, amma daga nan bai sake ɗaukar baka ba. A lokacin ban lura ba, gwano ba ya jin warin jikinsa. Sai da dare na gane cewa daɗina ya sauya kama ban sani ba: da farko ina murna na samu, daga baya ina murna na fi shi. Na farko godiya ce, na biyu jiji da kai ne, kuma tsakaninsu bai kai faɗin kibiya ba.

Ku duba abin da maharbi ya mallaka a zahiri. Tsayuwa tasa ce, saiti nasa ne, jan tsirkiya nasa ne. Da zarar kibiya ta bar yatsa, shi kenan, ba ya iya ƙara mata komai. Iska kaɗan ta isa ta karkatar da ita. A gasar Olamfik ana harbi daga nisan mita 70, kuma da'irar maki goma faɗinta santimita 12.2 ne kacal. Gwanayen duniya, bayan shekaru suna horo, suna kuskure ta. Aya ta 17 a Suratul Anfal ta koya wa Annabi (SAW) kansa, game da jifan da ya yi ranar Badar, cewa isar da shi aikin Allah ne. To ina ga ni da kibau uku a buhun dusa? Ka yi aikinka iya ƙarfinka, sannan ka mayar da sakamako ga Mai shi. Haka kasuwa take, haka jarrabawa, haka tarbiyyar 'ya'ya.

Sai kuma ɗalibina. Muna naɗe kaya ya hango kurciya a kan katanga, ya ce, "Malam, buhu ai ba ya motsi, a bar ni in gwada da waccan." Na karɓe bakan. Ibn Umar ya taɓa wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, ya hana su, ya sanar da su cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin saiti. Farauta don ci tana da hukuncinta da bisimillarta. Kashe rai don nishaɗi kuwa zalunci ne, ko da ɗanƙo ne ake bin ƙadangare.

Na san wani zai ce: Malam, a garin da faɗan daba ya addabi unguwanni, ya dace ka riƙa yabon makami? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amsata ita ce, addinin da ya yabi harbi shi ne ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, kuma ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu. Bindiga kuwa dokar ƙasa ba ta yarda a riƙe ta ba sai da lasisi, kuma ba na kiran kowa gare ta. Wanda bai iya riƙe fushinsa ba, kada a ba shi baka. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, maharba 50 aka ajiye a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair. Ba saiti ne ya gaza ba, yawancinsu haƙurin tsayawa inda aka ajiye su ne ya gaza da suka hango ganima, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya.

Washegari bayan Azahar na je har gida na ba Alhaji haƙuri. Ya ce ba komai, amma yadda fuskarsa ta saki ya nuna mini akwai komai. Mun yi alkawarin komawa Asabar mai zuwa, shi zai fara harbi.

Ka ji daɗin ranarka mai kyau, ɗan'uwa, babu laifi. Sai dai kafin ka kwanta ka bincika: daɗin nan ya sa ka ce Alhamdulillah, ko ya sa ka raina wani?

Allah Ya daidaita mana niyya, Ya tsare mu daga jiji da kai. Amin.