Sabuwar Kyamara Ko Sabon Ido?

Duk mai sha'awar ɗaukar hoton fili da daji da sararin sama, akwai ranar da zuciya za ta raɗa masa cewa kyamararsa ta tsufa. Daga nan sai lissafi ya tashi: a sayar da tsohuwar, a ciko dubban sidi, a karɓi wadda ta fi ta. Abin tambaya shi ne, buƙata ce ke magana ko kwaɗayi ne ya ari bakinta?

A fara da yi wa sabuwar kyamara adalci, domin tana da amfaninta. Idan ka tsaya a bakin kogin Volta a Yapei da almuru, sama na haske ƙasa na duhu, ƙaramar kyamara dole ta sadaukar da ɗaya: ko dai saman ya ƙone fari fat, ko bishiyoyi su zama baƙi ƙirin. Mai babban ma'aunin haske tana iya riƙe duka biyun. Wanda ke neman giwa daga nesa a gandun dajin Mole shi ma yana da hujjar neman dogon gilashi. Mai cin abinci da sana'ar kuwa, gyara kayan aikinsa ba almubazzaranci ba ne.

Sai dai yawancinmu ba nan matsalarmu take ba. Hoton da za a buga a takarda mai girman A4 ya fito tsaf bai buƙaci fiye da megafiksel 9 ba, wayoyi da yawa ma sun zarce haka. Wanda za a tura ta WhatsApp kuwa, matse shi ake yi kafin ya isa. Hazon hunturu da ke lulluɓe Tamale daga Disamba zuwa Fabrairu ba ya tambayar farashin kyamara. A 1941, Ansel Adams na Amurka ya ɗauki shahararren hotonsa na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez bayan ya nemi na'urar auna haskensa ya rasa. Da ka ya yi lissafin, saboda ya san hasken wata. Ilimi da sabo ne suka cece shi a wannan yammacin.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi tsada. Fili ba ya jiran kowa. Mazauna Vittin shaida ne: inda ake noman masara jiya, yau bulo ne da kwanon rufi. Kaɗanya na tafiya gawayi, gari na cinye gona. Mutumin da ya ce ba zai fita ba sai ya tara kuɗin sabuwar kyamara, yana iya shekara biyu yana tari, ranar da ya fito ya tarar kukar da yake so ya ɗauka an sare ta. Asarar ba tasa kaɗai ba ce, har da jikokin da ba za su taɓa ganin yadda unguwarsu take a da ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga ma'aunin da nake ganin ya dace. Ka zauna da hotunanka na shekarar da ta wuce, ka ware waɗanda suka lalace, ka tambayi kanka dalili. In ka iya nuna hoto ka ce nan kyamara ce ta gaza, kuma ka san wace irin gazawa ce, to saya, ba ka da laifi. In kuwa ka makara ne rana ta take, ko hannunka ya yi rawa, ko ba ka san inda za ka tsaya ba, kuɗinka sun fi amfani a kan sandar kafa kyamara mai ƙafa uku, da man babur, da kwana biyu a Larabanga.

Wadatar zuci ba ta hana mutum ci gaba. Abin da take hanawa shi ne ɗora wa ƙarfe da gilashi laifin asubar da aka yi barci.