Allon da Ke Mayar da Amsa: Ko Na'ura Za Ta Gaji Malami?

Tsakanin 3.27 da 3.3, wanne ya fi girma? Yara da yawa da suka riga suka shiga sakandare za su nuna na farko ba tare da wata-wata ba, domin a idonsu 27 ya ɗara 3 nesa ba kusa ba. Malamin da ke fama da yara saba'in ko tamanin zai ja jan biro a kan amsar ya wuce, don ga sauran littattafai can jibge suna jiransa. Yaron ya san ya faɗi, amma bai san inda ƙafarsa ta zame ba, kuma da wannan gurguwar fahimta zai shiga aji na gaba.

Akwai wata manhajar koyarwa mai suna Mindspark da wani kamfanin Indiya ya ƙera domin irin wannan kuskure. Idan ɗalibi ya zaɓi 3.27, sai ta yi ta jefo masa tambayoyi masu kama da wannan har ta gano ko yawan lambobin bayan ɗigo yake ƙirgawa, ko kuwa wani ruɗanin ne daban, sannan ta ba shi aikin da ya dace da matsalarsa. Tsakanin 2015 da 2016 masana uku, Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh da Alejandro Ganimian, sun gwada ta da ɗalibai 619 na makarantun gwamnati a birnin Delhi. Aka kaɗa ƙuri'a, kusan rabi suka samu gurbi, sauran suka ci gaba da karatu yadda aka saba. Bayan wata huɗu da rabi, ci gaban da masu amfani da manhajar suka samu a lissafi ya ninka na 'yan'uwansu. Binciken ya kuma tono wani abu mai tayar da hankali: yawanci ɗan aji shida yana bayan ajinsa da kusan shekara biyu da rabi a lissafi, kuma a ɗaki guda akan samu yaran da tazarar da ke tsakaninsu ta kai aji biyar ko shida.

To, idan na'ura tana iya gano abin da ya shige wa yaro duhu har ta warware masa, me ya rage wa malami? Ga Musulmi wannan tambaya ta wuce maganar albashi da guraben aiki. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa ta hanyar mutuwar malamai ake ɗauke ilimi daga duniya. Littattafansu za su kasance a kan kanta, amma duk da haka ilimin ya tafi. Ke nan akwai wani abu a jikin mai koyarwa wanda takarda ba ta ɗauka, kuma ya kamata a san ko mene ne shi kafin a ce na'ura ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba.

Gardamar ta girmi kwamfuta da fiye da shekara dubu biyu. A littafin Aflatun mai suna Phaedrus, malaminsa Suƙurat ya koka da rubutu shi kansa. Ƙorafinsa shi ne, rubutu yana da kamannin mai rai, amma in ka tambaye shi ba ya ba ka amsa, abu guda yake ta maimaitawa, kuma bai san wanda ya dace ya yi wa magana ba. Malaman hadisi na farko ma sun yi irin wannan ɗari-ɗari, bisa dalilin da suka gani da idonsu. Rubutun Larabci a lokacin ba shi da cikakkun ɗigo da wasulla, wanda ya ɗauko karatu daga takarda kawai sai ya juya sunan mutum ko ya sauya ma'anar kalma, ba mai ce masa tsaya. Shi ya sa suka nace a kan ji daga bakin malami da karantawa a gabansa. Imam Shaɗibi na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1388, ya zo ya daidaita batun a littafinsa Muwafaƙat: ya fifita ɗaukar ilimi baki da baki, ya kuma yarda a ɗauka daga littattafai, da sharaɗin mutum ya fara samun mabuɗin fannin a hannun masu shi.

Duk cikinsu ba wanda ya ƙi kayan aiki. Ayoyin farko da aka saukar sun ambaci alƙalami. Ibn Mas'ud kuma ya ba da labarin yadda Annabi ya zana wa sahabbai murabba'i, ya ja layi daga tsakiyarsa har ya fita waje, ya yi wasu ƙananan layuka a gefensa, don ya nuna musu mutum da ajalin da ya kewaye shi da burinsa da ya zarce ajalin. Abin da magabata suka ji wa tsoro shi ne karatun da ba mai gyara a kansa.

Makarantar allo ta daɗe da gane wannan. A tsangaya guda wani yaro yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa cikin izu-izu, kowa da inda allonsa ya tsaya. Yaro zai rubuta, ya kawo a duba, malam ya sa yatsa a kan harafin da ya karkace, ya biya masa, yaron ya maimaita. Ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Abubuwa biyun da masu ƙera manhaja suke kashe miliyoyi don su samar, wato kowa ya tafi daidai ƙarfinsa kuma a kama kuskure tun yana ɗanye, su ne ginshiƙin wannan tsari. Ajin boko mai cunkoso, inda jadawalin zango ke ja gaba ko an gane ko ba a gane ba, shi ya rasa su.

Inda aka raba na'ura ba tare da waɗannan biyun ba, sakamakon bai yi daɗi ba. Ƙasar Peru ta sayi ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da binciken da ya yi a makarantun firamare 319 na karkara. Bayan wata 15 yara sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da harshe bai motsa ba.

Hatsari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma daga na'urar da ta iya amsa yake fitowa. Masana daga Jami'ar Pennsylvania sun yi gwaji da ɗaliban sakandare kusan 1,000 a Turkiyya, sakamakon ya fito a 2024. Waɗanda aka ba ƙirƙirarriyar basira ta GPT-4 sakaka sun fi sauran cin aikin atisaye da kashi 48 cikin ɗari. Da aka janye ta aka yi jarrabawa, sai suka koma ƙasa da waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin ɗari. Amsa kawai suke karɓa suna kwafewa. Rukuni na uku kuwa an ba su irin wadda malamai suka sa hannu wajen tsara ta, tana haska hanya amma tana ƙin faɗin amsa. Wannan faɗuwar kusan ba ta same su ba.

Riƙe amsa na ɗan lokaci tsohuwar hikima ce ta koyarwa. Wata rana Annabi ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Ya bar su suna ta lalube cikin itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya ji a ransa dabino ce, amma kunya ta hana shi magana don shi ne ƙarami a wurin. Sai da suka gaji suka roƙa, sannan aka gaya musu. Da mahaifinsa ya ji labari, ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Darasi biyu ke nan ga mai ƙera manhaja. Na farko, laluben shi ne karatun, wanda ya ɗauke wa yaro shi ya cuce shi. Na biyu, a kowane aji akwai mai amsa a baki da kunya ta danne. A ƙasar Hausa, inda ake raino da kara da kawaici, yarinyar da ba za ta taɓa ɗaga hannu a gaban yara sittin ba za ta iya yin kuskure sau goma a gaban na'ura ba mai yi mata dariya. Wannan alheri ne na gaske, bai kamata a raina shi ba.

Haka ma a fannin kimiyya. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 2001, ya kafa shirin PhET a Jami'ar Colorado a 2002, kuma kyauta ake amfani da shi. Ɗalibi zai ja batir da waya da kwan fitila a kan allon na'ura, ya haɗa su, ya ga fitila ta kama, ya ƙara batir ya ga hasken ya ƙaru, ya haɗa ba daidai ba ya ga wuta ta tashi. Ga makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta suna ne kawai, wannan ya fi a zana da alli a ce a haddace. A Najeriya kuma an gwada koyo da na'ura tare da malami a kusa: a 2024 Bankin Duniya ya yi gwajin mako shida a birnin Benin na jihar Edo, inda 'yan ajin farko na babbar sakandare suka riƙa koyon Turanci da ƙirƙirarriyar basira bayan an tashi makaranta, bibbiyu a kan kwamfuta, malamai na zagayawa a kansu. Sun fi takwarorinsu ci. Ko a Delhi ɗin, cikin minti 90 na kowane zama, minti 45 na malami ne da ƙaramin rukuni.

Ƙorafin Suƙurat ya ragu, tunda allon yanzu yana mayar da amsa. Wanda bai ragu ba shi ne na amana. Idan malami ya koyar da kuskure an san shi, ana iya tunkararsa, shi ma ya san Allah zai tambaye shi. Ijazar da malaman zaure ke bayarwa jerin sunayen mutane ce, kowa ya ɗauki nauyin wanda ya karantar. Na'urar da ke ƙaga hadisi ta jingina wa Bukhari, ko ta kawo lissafin da ba daidai ba cikin ƙwarin gwiwa, ba ta jin nauyin komai. Haka nan manhaja za ta iya nuna cewa wani yaro ya kwana uku bai taɓa aikinsa ba, amma gano cewa mahaifinsa ne ke kwance ko an tura shi kasuwa, da sanin kalmar da za ta dawo da shi, aikin mutum ne da yaron yake jin kunyarsa. Ladabi da gaskiya da haƙurin bincike, a jikin wani ake ganinsu kafin a kwaikwaya.

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, don haka hana ɗan ƙauye taɓa na'ura har ranar jarrabawa zalunci ne. Amma gwamnati ko mai makarantar da zai kashe kuɗi yana da tambayoyin da ya wajaba ya yi kafin ya sa hannu. Manhajar tana gano inda yaro ya tsaya, ko littafi ne kawai aka juye cikin gilashi? Tana sa shi wahalar tunani, ko amsa take miƙa masa? Za ta yi aiki inda babu intanet, da hasken rana inda babu lantarki? Za ta yi wa yaron da Turanci ke ba shi wuya bayani da Hausa? Su wane ne malaman da suka duba abin da ke cikinta, kuma sun yarda a rubuta sunayensu? Kasafin da ya sayi kwamfutoci dubu ya kamata ya ƙunshi kuɗin horar da malaman da za su zauna da yaran, da na mai gyara idan sun lalace, da lokacin da malami zai duba rahoton kowane ɗalibi kafin darasi na gaba.