Tanbihi Ga Muridai A Kan Haƙƙin Tsoho Baƙo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saɓa harsunan bayinsa da launukansu, ya sanya wannan cikin ayoyinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan tunatarwa ce daga faƙiri zuwa ga 'yan'uwa na zawiyoyin Unguwar Shanu da Kawo da Badarawa da Unguwar Sarki da Tudun Wada, a kan haƙƙin tsohon da harshensa ba Hausa ba ne.

Fasali. Ku sani, ya ku 'yan'uwa, Kaduna garin baƙi ne. Gwarawa aka tarar a ƙasar nan, sa'an nan Nasara suka taso da mazaunin mulkinsu daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa ya yi ta kawo Nufawa da Yarbawa, Barebari suka zo daga gabas. Farin 1973 da na 1984 suka koro Buzaye da Zabarmawa. Da fitina ta auku a 2000 da 2002, mutane suka yi ƙaura, kogi ya zama iyaka, tsoho ya rabu da maƙwabcinsa na shekara talatin. Waɗanda suka zo da ƙuruciya sun tsufa a hannunmu, 'ya'yan waɗansunsu sun watse neman abinci, danginsu suna nesa.

Fasali. Na ga abu da idona. Wani dattijo Buzu, mai gadi, ya yi shekaru yana zama tare da mu gefen farin ƙyalle wajen wazifa. Ciwo ya kwantar da shi, Hausarsa ta ɓace masa, domin tsufa da zafin ciwo sukan mai da mutum ga harshen da ya sha a nono. Ya yi ta cewa aman, aman. Muka zaci amai zai yi, muka kawo tasa muka riƙe masa. Sai da wani mai shayi ɗan ƙabilarsa ya shigo ya ce mana ruwa yake roƙo, aman shi ne ruwa da harshensu. Wallahi kunyar ranan nan ba ta bar ni ba. Mun haɗa baki da shi cikin hailala shekara da shekaru, ba mu san kalma guda ta bakinsa ba.

Fasali. Dalilinmu yana cikin sunna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Salmanu mutumin Farisa da Abu Darda'i, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudu. An ruwaito Sayyidina Umaru ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya yanka masa rabo daga baitulmali. Kuma ɗariƙar nan a bakin baƙi ta iso mu. Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya yarda da shi, a Ainu Madi aka haife shi, a Fas ya yi wafati a 1815. Alhaji Umaru Futi baƙo ne a Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya girmama shi har ya ba shi 'yarsa. Shehu Ibrahimu Inyas na Kaulaha, harshen gidansa Wolof ne. To, yaya wanda ya karɓi wuridi daga baƙo zai wofintar da baƙo?

Fasali cikin abin da ya kamata. Na farko, muƙaddami ya san kowane tsoho baƙo na zawiyarsa, da ɗakin da yake kwana, ya rubuta sunan garinsa da danginsa tun yana iya faɗi. Na biyu, in an tashi wazifa a duba wanda bai zo ba, in ya kwana biyu a aika. Na uku, a nemi tafinta cikin almajirai, wanda zai raka shi asibiti, domin ciwon da ba a fahimta ba, ba a yi masa magani daidai. Na huɗu, a ware wani abu daga sadakar zikirin Juma'a saboda cinsa da hayarsa, a kai masa a asirce, kada a kunyata furfura. Na biyar, kowane muridi ya koyi gaisuwa da sunan ruwa da abinci da harshen tsohon da ke kusa da shi. Maƙwabci wanda ba Musulmi ba, shi ma yana da haƙƙin maƙwabtaka, kada a ƙetare ƙofarsa.

In ka ce, ni talaka ne, ba ni da abin bayarwa, sai mu ce maka, kana da ƙafa kana da kunne. Ka je ka zauna, ka bar shi ya ba ka labarin garinsu ko ba ka gane rabi ba. Hidima ga rarrauna tana karya girman kai fiye da yawan jan tasbaha, kuma wuridin da bai tausasa zuciya ba, mai shi ya binciki niyyarsa.

Ya Allah ka jiƙan tsofaffinmu, na gida da baƙi, ka haɗa mu da wanda zai ji maganarmu ranar da harshenmu ya yi nauyi, ka sa mu cika da kalmar shahada, amin. Allah ne mafi sani. Ta cika da godiyar Allah.