Haƙƙin Wanda Ba a Ga Gawarsa Ba

Mamaci yana da haƙƙi huɗu a kanmu: wanka, likkafani, sallah da kabari. To, wanda ya fita gona a yankin Maradun ko Bakura, 'yan bindiga suka yi gaba da shi, shekara uku ba gawa ba labari, mene ne haƙƙinsa?

Amurkawa sun amsa wannan tambaya da dukiyarsu. Sojojinsu fiye da 80,000 ne ba a san makomarsu ba tun daga Yaƙin Duniya na Biyu. Har yau akwai hukuma a ma'aikatar tsaronsu, DPAA, wadda ke tono ƙasusuwa a wurare irin su Biyetnam, ta gwada ƙwayoyin halitta, ta miƙa wa jikoki. Wani zai ce almubazzaranci ne, tunda ƙashi ba ya jin yunwa. Amma kafin a kai ga ƙashi, sun fara da abin da ba ya cin kuɗi: kowane ɓatacce yana da suna, da ranar ɓata, da wurin da aka gan shi na ƙarshe.

Mu nan aka bar mu a baya. Da aka sace ɗaliban Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, a Fabrairun 2021, an fara cewa 317 ne, daga baya aka tsaya a 279. Makaranta dai tana da rajista. Manomi da mai itace ba su da ita. Masu aikin kwamfuta sun san bambancin gurbin da aka rubuta "ba a sani ba" da layin da babu shi sam. Na farko ana komawa kansa, na biyu ko nemansa ba a yi.

Kuma masu rai ne ke ɗauke da nauyin. Matar ɓatacce tana rataye, ba ta takaba ba ta aure, gado kuma ba ya rabuwa. A sanannen hukuncin Malikiyya, tana kai ƙara gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Da me alƙali zai bincika idan ba wanda ya riƙe rana da wuri?

Akwai tsoro na gaskiya: takarda na iya faɗawa hannun infoma, ta zama jagorar neman kuɗin fansa. Wannan dalili ne na zaɓen amintacce, liman ko dagaci, ya riƙe littafin. Bai kai dalilin barin rubutun ba.

A ganina rubuta sunan ɓatacce ya yi kama da sallar jana'iza: idan wasu suka yi, sun ɗauke wa sauran, idan kowa ya bari, laifin na gari ne duka. Littafi ɗaya da biro sun isa a fara, tun masu tuna ranar suna raye.