"Da sauƙi": ƙarfin zuciya ne ko rufe ido?

A ƙasar Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a tambayar mutum lafiyarsa ya ce babu. Wanda ya kwana yana juyi da zazzaɓi, in aka ce masa "ina kwana", "lahiya lau" zai ce. Wanda ke kwance a asibitin Madawa da ƙarin ruwa a hannu, in aka ce "ya jiki", amsarsa "da sauƙi". Har akan ji wannan kalma daga bakin mutum da hantsi, a yi masa sutura kafin la'asar. Baƙon da ya koyi Hausa a littafi yakan ɗauka ƙarya ce ta ladabi. Ɗan gida kuwa ya san cewa mai ciwon ba labarin jikinsa yake bayarwa ba. Yana nuna bai yanke ƙauna ba, yana kuma sauke wa mai gaisuwa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Wannan ɗabi'a ta dace da faɗin kalmar kanta. Ɗalibin da aka ce ya fassara "lafiya" zuwa Faransanci yakan rubuta santé, alhali rabin kalmar kawai ya kamo, domin lafiya, wadda aka aro daga Larabci, ta haɗa ƙoshin jiki da kwanciyar hankali da zaman lumana: ana tambayar lafiyar gida, da ta hanya, da ta gari. Sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta a tsarin mulkinta na 1946 cewa lafiya ta wuce rashin cuta, ta haɗa jiki da hankali da zaman jama'a, ba ta faɗi abin da tsohuwa a Buza ba ta sani ba. Saboda haka masu yaɗa nasihohi ta wayar salula, waɗanda ke cewa a yi murmushi, a kyautata zato, a ci ganye, a sha ruwa, ba baƙuwar haja suka kawo ba. Abin da ya rage a bincika shi ne ko "da sauƙi" alheri ce a kowane baki, ko kuwa darajarta na canjawa gwargwadon mai faɗinta da wanda ake faɗinta a kansa.

Idan babba ya faɗe ta a kan jikinsa, babu abin zargi. Jikinsa ne, shi ke jin zafin, shi kuma ya zaɓi ya ɗauke shi da mutunci. Likitoci ma ba su musanta cewa mai natsuwa ya fi samun barci da cin abinci, ya fi kuma jure shan magani har ƙarshe.

Al'amarin yakan sauya idan wanda ake magana a kansa bai iya magana ba tukuna. Yaro mai shekara ɗaya da rabi ba ya cewa "da sauƙi". Faɗa masa ake yi. Tamowa kuwa cuta ce mai sanɗa, ba ta zuwa da ihu. Yaron yakan rage wasa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, damtsensa ya sirance, wani ƙafafunsa su kumbura har a zata ƙiba ce. Kowace safiya ana tambaya, kowace safiya ana cewa haƙori ne, ko yaye ne, da sauƙi, har ranar da za a ɗaura masa tsinken awo a damtse ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sauro ya yi yawa, sashen yara na asibitin Madawa, inda ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta kama aiki bayan matsalar abinci ta 2005, ya sha cika da irin waɗannan yara, da yawansu an kawo su a makare. Kalmar da ta zama sutura ga babba, a nan jinkiri ta zama, kuma yaron ne ya biya kuɗin jinkirin.

Sai dai a yi hattara da saurin ɗora laifi, domin shi ma wani nau'in rufe ido ne. An saba a tara mata a ƙarƙashin rumfa a yi musu bayanin abinci mai gina jiki, kamar dai rashin sani ne kaɗai ciwon. Akwai rashin sani, ba shakka. Har yanzu akwai gidajen da ake zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri, ana cewa gurɓatacce ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri; akwai inda ake ɗura wa jinjiri ruwa ko jiƙo tun bai kai wata shida ba, ruwan da ya cika masa ciki ya kuma kawo masa zawo; akwai masu hana yaro ƙwai wai kada ya tashi da sata. Waɗannan duka abin gyara ne, kuma gyaransu ba ya cin ko dala. Amma matar da aka yi wa bayanin, sau da yawa ba ita ke riƙe da mabuɗin rumbu ba. Mijinta ya tafi bida Najeriya ko Abidjan ko Libiya, kamar yadda Adarawa suka shahara da yi, abin da ya bari ya ƙare, aike bai zo ba. Ta san kunun da aka zuba wa garin ƙuli-ƙuli ko na wake ya fi farau-farau riƙe yaro. Abin da ba ta da shi shi ne ƙuli-ƙulin. Wanda ya ce wa irin wannan mata ta saki ranta, ba tare da ya tambayi abin da ta ɗora a murhu jiya ba, ya manta cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ke ƙara wa lamarin ɗaci shi ne yankin ba matalaucin ƙasa ba ne ta kowace fuska. Daga Galmi zuwa fadamar Tarka ake noma albasar da sunanta ya kai kasuwannin Abidjan da Accra, manyan motoci na fita da ita buhu-buhu. Akwai wake, akwai tumatir da kabeji a lambunan rani, akwai zogale da yakuwa da tafasa da kuka, akwai gabu da daddawa, akwai magarya da aduwa a daji. Gero kansa ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai gina jini. Amma wake da ƙwai da kaza kayan kasuwa ne kafin su zama kayan tukunya, ana sayar da su da arha a kaka don biyan bashi, a sayo gero da tsada a damina. In kuma nama ya shigo gida, kowa ya san kwanon da yake fara sauka a ciki. Tsarin rabon abinci a gida, wanda ke farawa da maigida ya ƙare da ƙaramin da ya fi kowa buƙata, ba talauci ne ya tsara shi ba, kuma ba a cika jin an ambace shi a ƙarƙashin rumfar faɗakarwa ba, wataƙila don masu kwanon farko ba sa zuwa wurin.

Akwai kuma baki na uku, na mai mulki. Bayan ƙarancin ruwan sama da farin dango na 2004, farashin gero ya yi tashin gwauron zabo a 2005, cibiyoyin kula da tamowa suka cika. A watan Agustan shekarar shugaba Tandja Mamadou ya shaida wa ƴan jarida cewa babu yunwa a Nijar, jama'a ma da alamar ƙoshi. Ana iya fahimtar kishin da ke bayan maganar, domin babu shugaban da ke son a riƙa nuna ƙasarsa da hoton yaro mai ƙasusuwa. Amma "da sauƙi" ce aka faɗa a madadin miliyoyin da ba a tambaya ba. A 2010, da matsalar ta dawo, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta fito fili ta amsa ta, ta nemi agaji da wuri. Talakawa kuwa ba su taɓa jin kunyar kiran yunwa da sunanta ba. Ta 1984 ma suna suka raɗa mata, El Buhari, saboda rufe iyakar da Najeriya ta yi a lokacin.

Malaman Faransanci sun san wannan muhawara a wata riga. A 1759 Voltaire ya fitar da Candide, inda ya yi wa malam Pangloss ba'a, mutumin da ke ganin kome daidai ne ko da girgizar ƙasa ta 1755 ta rushe Lisbon a kansa; littafin kuma ya ƙare ne da mutane sun bar gardama sun koma aikin lambu. Ɗaliban lise sukan haddace wannan don jarrabawa, ba tare da an nuna musu cewa lambun yana nan bayan garinsu ba. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro, wanda wasu ke ce wa bedi, a kwarin Majiya cikin gundumar Buza, bisa shawarar wani jami'in gandun daji, Daouda Adamou, da tallafin ƙungiyar CARE, don tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Gero ya ƙara albarka a bayan layukan. A 1984 kuma, tsakiyar fari, aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya da haɗin gwiwar FAO da PAM. Maza da yawa sun riga sun tafi, don haka mata ne suka fi yawa a fagen aikin: su suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a kan fako da gangaren tsaunuka, ana biyansu da abinci. Cikin kusan shekara ashirin an farfaɗo da kadada sama da 30.000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an gina madatsun ruwa da rijiyoyi.

Ba a ce aikin Keita ya kori yunwa daga Adar ba; jama'a ta ƙaru, wasu madatsun sun cike da yashi, 2005 ma ba ta tsallake gundumar ba. Abin lura shi ne irin zaton da waɗannan mata suka yi. Wadda ta dasa itace a kan fako a shekarar da ko ciyawa ba ta fito ba, lalle mai kyakkyawan zato ce, fiye da duk mai aika saƙon murmushi. Amma ba ta ce fakon gona ne ba. Ta kalle shi, ta kira shi fako, sannan ta ɗauki diga. Nan ne hanyar tawakkali ta rabu da ta sakaci, ko da yake a baki duka biyun "Allah ya kawo sauƙi" suke cewa.

Har a ɗakin jinya ma an ga haka. Cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa don jinyar tamowa mai tsanani, bayan madara ta musamman da maganin cututtuka da ɗumama jiki, akwai wasa da yaro, da yi masa magana, da rungumarsa, domin yaron da ya daina murmushi yakan daina karɓar abinci, kuma dawowar murmushin na cikin alamun farfaɗowa. Ashe fara'a magani ce da gaske. Sai dai ba a umartar majiyyaci da ita. Masu lafiya ne ke kawo masa ita tare da kwanon. Uwar da ta kwana bakwai a gefen gado, ga tunanin yaran da ta baro a ƙauye, ita ma sai an ɗauke mata wani abu kafin ta samu fara'ar da za ta ba ɗanta.

Kada mai albashi ya ɗauka zancen na ƙauye ne kawai. Malamin makaranta ko ma'aikacin ofis a Madawa ko Keita ya tsere wa tamowa, amma wata na jiransa a gaba. Ya bar tuwon gero da miyar ganye ya koma shinkafa da taliya da mai, don su ne abincin wanda ya waye. Miyarsa magi biyu ce da gishiri a kai, alhali abin da jiki ke buƙata na gishiri bai kai giram 5 a yini ba, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Bayan abinci ga shayi zagaye uku, kowanne da sukarinsa, shayin da ke rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarfen da ke cikin abin da aka ci. Daga gida zuwa makaranta a kan babur. In tumbi ya fito a ce hutu ne, a yi masa barka. Hawan jini da ciwon sukari kuwa, kamar tamowa, ba sa sallama. Mutum na iya shekara goma da su yana amsa "lahiya lau" da zuciya ɗaya, kuma ba ƙarya yake yi ba, don bai ji kome ba.

A nan ne ma hukuncin da aka yanke da farko, cewa babba na da ikon faɗin "da sauƙi" a kan jikinsa, yake fara rawa. Malamin da shanyewar ɓarin jiki ta kayar yana da shekara 48 ba shi kaɗai ya faɗi ba: akwai mata, da ƴaƴa, da ƙannen da yake biya wa makaranta, da tsohuwa a ƙauye mai jiran ƙarshen wata, da aji mai ɗalibai tamanin da zai zauna babu malami har a turo wani. Awon jini a gidan likita ba ya ɗaukar minti biyar, kuma da yawa daga cikin masu koya wa yara darasin tsabta da abinci ba su tuna ranar da aka ɗaura musu abin awon a hannu ba.