Sa'ad Da Kotu Ta Warware Abin Da Kotu Ta Ɗaure

Ya mai karatu, ko daidai ne alƙali ya rushe hukuncin da wani alƙali ya yanke? Waɗansu sukan ce a'a, gama in ana ɗaurewa yau ana kwancewa gobe, wa zai ƙara jin tsoron shari'a? Maganarsu tana da nauyi. Amma bari mu dubi wani abin da ya faru a ƙasarmu.

A shekarar 1996 aka sayar da Hadizatu Mani a kan jikka 240, tana da shekara 12. Wanda ya saye ta ya riƙe ta a matsayin wahaya, wato baiwa mai aikin gida wadda ubangijinta yake kwana da ita ba aure. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, ita kuwa daga baya ta auri wanda take so. Sai mutumin ya kai ƙara, wai matarsa ce. A 2007 kotun Birnin Ƙonni ta yanke mata wata 6 a kaso, bisa laifin aure a kan aure. Kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta sa aka sake ta kafin a gama shari'a. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, wadda ta saurari ƙarar a Yamai, ta ce gwamnatin Nijar ta kāsa kāre ta daga bauta, ta biya ta sefa miliyan 10. Duk da haka sai a 2019 kotun sama ta ƙasar ta tabbatar cewa zaman nan na fari ba aure ba ne. In kuwa ba aure, ina aure a kan aure?

Ka lura, wannan ba ahuwa ba ce. Shugaban ƙasa yana iya yi wa ɗan kaso ahuwa, a buɗe masa ƙofa, amma laifin yana nan a rubuce. Soke hukunci yakan ce tun farko ba a yi daidai ba. Ku tuna da Yusufu: Fir'auna ya fito da shi daga kurkuku, ya ɗaukaka shi, amma ba mu karanta inda aka zauna aka wanke shi daga ƙaryar matar Fotifar ba. Mai gaskiya ba sakinsa kaɗai yake bukata ba, sunansa yake so.

Ga yara kuwa abin ya fi tsanani. Dokar Nijar ba ta ɗora wa yaron da bai kai shekara 13 ba alhakin laifi. Daga 13 zuwa 18, alƙalin yara ne yake duba ko yaron ya san abin da yake yi; an kafa kotunan yara a 1999, aka sabunta dokarsu a 2014. Yaron da aka kama a kasuwa ba uba kusa, ba takardar haihuwa, da sauƙi a ƙara masa shekaru a hukunta shi kamar babba. In ba mai ikon gyarawa, kuskuren yini ɗaya zai bi shi har ran da zai nemi aiki aka ce ya kawo kaziye.

Lalle ikon nan yana iya lalacewa, in mai kuɗi ne kaɗai yake samun a sāke duba shari'arsa. Hadizatu ma ba don ƙungiyar Timidria ta tsaya mata ba, da wuya ta kai Yamai.

Iyaye, in an yanke wa ɗanku hukunci, kada ku koma gida ku naɗe hannu. Ku nemi takardar hukuncin, ku kai shaidar shekarunsa, ku tambayi magatakardan kotu ranar da lokacin ɗaukaka ƙara zai ƙare, gama kwanakin kaɗan ne.